Ƙananan Jami'o'in Ɗariƙar Metodis a Amurka: Asalinsu da Yadda Ake Karatu Cikinsu



In aka ambaci jami'a a ƙasar Amurka, abin da kan fara zuwa zuciyar mutanenmu shi ne manyan nan masu suna kamar Harvard, ko jami'o'in jihohi masu ɗalibai dubu arba'in ko hamsin. Amma akwai wani iri dabam, wanda bai cika shiga labaru ba, watau ƙananan jami'o'i masu zaman kansu, waɗanda ɗalibansu ba su kan wuce dubu ɗaya ko biyu ba, suna zaune cikin ƙananan garuruwa, digirin farko kuma shi ne babban aikinsu. Da yawa daga cikinsu ɗariƙun addinin Kirista suka kafa su, ɗariƙar Metodis kuwa tana cikin na gaba wajen yawan abin da ta kafa. Nufina a wannan lacca shi ne in bi diddigin waɗannan makarantu, in nuna yadda suka taso, da irin karatun da ake yi cikinsu, da yadda ikonsu ya riƙa sulluɓewa daga hannun ɗariƙar da ta haife su. Zan riƙe guda ɗaya ta zama mana misali, watau Jami'ar Ohio Wesleyan.

Asalin al'amarin

John Wesley, wanda ya kafa wannan ɗariƙa a Ingila, malami ne na Jami'ar Oxford, ya kuma buɗe makarantar Kingswood kusa da Bristol a 1748. Amma mabiyansa na Amurka yawancinsu talakawa ne, manoma da masu sana'ar hannu, masu wa'azinsu kuma mutane ne masu yawo bisa doki daga ƙauye zuwa ƙauye, ba su da ilmi mai zurfi, ba su kuma ganin rashinsa aibi ne.

Duk da haka, a taron da suka yi a Baltimore cikin Disamba 1784, inda suka tsai da cocinsu mai cin gashin kansa, sun yanke shawarar gina kwaleji. Aka sa mata suna Cokesbury, daga sunayen shugabanninsu biyu, Thomas Coke da Francis Asbury. Ta buɗe a 1787, gobara ta cinye ta a 1795. Aka sake buɗe ta a Baltimore, wata gobara ta sake cinyewa a 1796. Asbury ya ɗauki wannan alama ce, ya rubuta cewa a ganinsa Allah bai kira 'yan Metodis domin gina kwaleji ba. Aka yi shekaru fiye da ashirin maganar na kwance.

Abin da ya ta da ita shi ne arziki da yawa. Kafin tsakiyar ƙarni na 19 ɗariƙar ta fi kowace yawan mabiya a ƙasar, 'ya'yan manoman jiya sun zama 'yan kasuwa da lauyoyi, suna tura 'ya'yansu kwalejojin waɗansu ɗariƙu, yaran kuma suna dawowa sun sauya sheƙa. Saboda haka babban taron cocin na 1820 ya shawarci kowane yanki ya kafa makarantarsa. Sai suka shiga fitowa bi da bi: Randolph-Macon a 1830, Wesleyan ta jihar Connecticut a 1831, Emory a 1836, Indiana Asbury a 1837. A 1836 ɗin nan ne kuma aka ba wata kwaleji tasu a garin Macon izinin bai wa mata digiri, abin da ba a saba gani ba a wancan zamani. Har Peter Cartwright, shahararren mai wa'azi bisa doki wanda ya sha yi wa limamai masu digiri ba'a, sai da ya sa hannu cikin kafa kwalejoji a jihar Illinois. Makarantun da ɗariƙar ta kafa, manya da ƙanana, sun haura dubu. Mafi yawansu sun mutu tun suna jarirai, waɗansu an haɗe su, waɗansu sun ɓalle. Wajen ɗari ne suka rage suna da alaƙa da ita.

Yadda aka kafa Ohio Wesleyan

A garin Delaware na jihar Ohio akwai wata maɓuɓɓuga mai warin farar wuta, wadda mutane kan zo sha da wanka domin magani. An gina masauki kusa da ita, kasuwa ba ta yi ba. A 1841 wani limamin Metodis mai suna Adam Poe ya bi mutanen gari gida gida, aka tara dala 10,000, aka sayi masaukin, aka miƙa wa cocin bisa sharaɗin ya buɗe jami'a. Aka sami izinin hukuma a 1842, aka fara karatu a 1844 da ɗalibai 29. Ginin yana nan har yau ana aiki cikinsa.

Abu biyu ya kamata mu lura da su. Na farko, kuɗin na mutanen gari ne, ba dukansu ne kuwa 'yan ɗariƙa ba. Suna son jami'a ne domin ta kawo wa garinsu daraja da ciniki. Na biyu, takardar kafuwar ta faɗa a sarari cewa ƙofar makarantar a buɗe take ga mabiya kowace ɗariƙa. Ba karamci kaɗai ya kawo wannan ba, har da lissafi, gama ƙaramar makaranta ba ta iya zaɓen masu biyanta. Ashe tun ran haihuwa jami'ar tana da iyayen gida uku: coci, da gari, da mai biyan kuɗin makaranta. Sauran tarihinta labarin ja-in-ja ne tsakanin waɗannan ukun.

Karatun da da na yanzu

Ɗalibin shekarun farko ba shi da zaɓi. Kowa Girkanci da Latinanci da lissafi yake yi, sa'an nan ɗan ilmin halittu da mantiƙi da balaga. A shekarar ƙarshe shugaban jami'a da kansa, wanda kusan kullum limami ne, yakan karantar da su falsafar ɗabi'a, domin a ɗaure dukan abin da suka koya da igiya ɗaya. Zuwa addu'ar safe dole ne. Giya da caca da rawa haramun ne. Hikimar tsarin ita ce, ba a koya wa yaro sana'a, wasa masa hankali ake yi, in ya fita ya koyi kowace sana'a ya ga dama. Wannan shi ne abin da zan kira ilmi mai faɗi.

Tsarin ya sassauta sannu a hankali. Mata suka shigo, gama an haɗe Ohio Wesleyan da kwalejin mata ta garin a 1877. Kimiyya da harsunan zamani suka ture Girkanci. Tilascin zuwa addu'a ya faɗi a yawancin makarantun cikin ƙarni na 20. Amma ginshiƙin bai gusa ba. Ɗalibin yau yakan yi shekara huɗu, ya ɗauki darussa talatin da 'yan kai, kimanin sulusinsu ne kawai na fannin da ya ƙware a kai, ba a kuma tilasta masa zaɓen fannin sai wajen ƙarshen shekara ta biyu. Mai son likitanci sai ya taɓa tarihi da adabi, mai son adabi sai ya shiga ɗakin gwaje-gwaje. Aji bai cika wuce mutum ashirin ba, farfesa kuma shi ke koyarwa da kansa, shi ke duba rubutu. Galibin ɗalibai a cikin makaranta suke kwana. Limamin jami'a yana nan, amma aikinsa ya haɗa da kula da Musulmi da Yahudawa da waɗanda ba su bin kowane addini.

Ko wannan tsari yana haifar da ɗa mai ido? Bari in kawo mutum biyu. Sherwood Rowland ya gama Ohio Wesleyan a 1948. A 1974 shi da Mario Molina suka nuna cewa sinadaran da ake zubawa cikin firiji da gwangwanin feshi suna cinye lulluɓin iskar ozon da ke kare duniya daga zafin hasken rana, suka kuwa sami kyautar Nobel a 1995. Na biyu shi ne Branch Rickey, wanda ya gama a 1904. Sa'ad da yake horar da 'yan wasan besbol na jami'ar, wani masauki ya hana ɗan wasansa baƙar fata ɗaki, abin kuwa ya tsaya masa a rai, kamar yadda ya sha faɗa. Shi ne ya ɗauki Jackie Robinson, wanda a 1947 ya karya shingen launin fata a babbar gasar wasan. Rowland misali ne na wasa hankali, Rickey misali ne na gyaran hali, su ne kuwa abu biyu da masu kafa makarantar suka yi alkawari.

Kwalejojin baƙar fata

Tilas mu faɗi gaskiya, wancan buɗaɗɗiyar ƙofa ba ta kai ga kowa ba. Cocin kansa ya rabe biyu a 1844 kan batun bauta, kwalejojinsa na kudu kuma sun daɗe ba su karɓar baƙar fata. Bayan yaƙin basasa, a 1866, reshen arewa ya kafa ƙungiyar taimakon 'yantattun bayi, wadda ta buɗe kwalejoji irin su Rust a 1866, da Claflin a 1869, da Wiley a 1873. A 1935 'yan muhawarar Wiley, ƙarƙashin malaminsu Melvin Tolson, suka ka da Jami'ar Kudancin Kalifoniya, wadda ke riƙe da kambin ƙasa. A nan ne kuma zaren ya taɓo Afirka ta Yamma. James Aggrey, mutumin Gana, wanda ya yi makarantar Metodis a Cape Coast, ya tafi Kwalejin Livingstone a 1898, wadda wani reshen Metodis na baƙar fata ya kafa. Ya gama a 1902, ya koyar a can wajen shekara ashirin, kana ya dawo ya zama mataimakin shugaban Kwalejin Achimota.

Yadda igiya ta saki

Ba gaba ce ta raba cocin da makarantunsa ba. Abu na farko shi ne neman inganci. A 1892 cocin ya kafa majalisar da za ta auna kwalejojinsa, ta tsai da ƙa'idojin da sai an cika su kafin a ba da digiri. Wannan abin yabo ne, amma da zarar an ce ƙwarewa ita ce ma'auni, sai a ɗauki malamin kimiyya domin iliminsa, ba a tambayi inda yake ibada ba.

Na biyu shi ne kuɗi. A 1905 attajiri Andrew Carnegie ya ware dala miliyan 10 domin fanshon malaman jami'a, ya gindaya sharaɗi cewa makarantar da ke ƙarƙashin ikon wata ɗariƙa ba ta da rabo. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kwalejoji da dama na ɗariƙu dabam dabam suka gyara takardun kafuwarsu. A Jami'ar Vanderbilt rigima kan wa ke da ikon naɗa amintattu ta kai kotu, a 1914 kotun ƙolin jihar Tennessee ta ba amintattun gaskiya, cocin ya tattara ya bar ta. Wesleyan ta Connecticut ta yanke alaƙa a 1937. A 2019 ma jami'o'i biyu na jihar Ohio, Baldwin Wallace da Mount Union, sun fice saboda saɓanin da ya tashi cikin cocin kan auren jinsi ɗaya. A waɗanda suka rage, abin da cocin ke bayarwa ɗan ƙanƙane ne cikin kasafinsu, abin da ke hannunsa kuma bai wuce 'yan kujeru a majalisar amintattu da ziyarar dubawa lokaci lokaci ba.

Da coci ya ja baya, nauyi ya koma kan mai biya. Ƙaramin aji tsada gare shi. Akwai makarantun da kuɗin karatunsu na shekara ya haura dala 50,000 a takarda, amma sai sun yafe fiye da rabi da sunan tallafi kafin su cika kujerunsu. Ga shi haihuwa ta ragu a Amurka tun daga 2008, iyaye kuma suna neman digirin da ke kai wa ga aiki kai tsaye. Kwalejin MacMurray ta rufe a 2020, Iowa Wesleyan a 2023, Birmingham-Southern a 2024, kowace kuwa ta haura shekara 160 da kafuwa. Ohio Wesleyan tana nan, amma a 2020 ta soke fannonin digiri 18 domin rage kashe kuɗi.

Kammalawa

Wannan tarihi na Amurka ne, amma bai kamata ya wuce mu kamar tatsuniya ba. Tun da aka ba jami'o'i masu zaman kansu izini a Nijeriya a 1999, ƙungiyoyin addini, na Musulmi da na Kirista, suna cikin manyan masu kafa su, kamar Al-Qalam a Katsina a 2005, da Jami'ar Wesley a Ondo a 2007. Tambayoyin da suka dami Delaware za su zo musu. Wa ke naɗa amintattu, an kuma rubuta shi yadda ba zai kai kotu ba? Da wane ma'auni za a ɗauki malami? In masu kafawa sun ƙaura, wace dukiya aka ajiye da za ta riƙe makarantar? Ga ma'aikatan da ke ba da izini, su tuna cewa makarantun Metodis da suka mutu sun ninka waɗanda suka rayu, domin an buɗe su da zumuɗi ba da tanadi ba. Ga ɗalibai kuwa, darussan gama-gari da kuke ɗauka kamar wahalar dole, jikokin wancan ilmi mai faɗi ne, kada ku raina su. Abin da ya fi daɗewa a waɗannan ƙananan jami'o'i, bayan an daina tilasta addu'a, bayan kuɗin coci ya janye, shi ne malami ya san ɗalibinsa da suna, ya karanta rubutunsa layi layi, ya kuma damu da halinsa kamar yadda ya damu da makinsa. Wannan kuwa malamanmu na zaure sun san shi tun kafin a haifi John Wesley.