Ina ne mutanen Nok suka zauna?

Mai karatu, in ka ji an ce "al'adun Nok", wataƙila ka ɗauka wani babban birni ne mai ganuwa da fada. To ba haka ba ne. Nok ƙauye ne a ƙaramar hukumar Jaba, kudancin Kaduna, kuma ya ci sunan ne kawai don a can masu haƙar kuza suka fara tono mutum-mutumin gasasshen yumɓu a 1928. A 1943 Bernard Fagg ya ga wani kan irinsa daga Jama'a, wanda wani ya kafa a gonar doya don korar ɓarna, ya gane cewa salon aikin ɗaya ne.

Daga nan taswirar ta yi ta faɗi: Kagara a jihar Neja ta arewa maso yamma, Katsina-Ala a Binuwai ta kudu maso gabas, Taruga kusa da Abuja inda aka tono matoyar narka tama. Ƙasa ce mai faɗin dubban murabba'in kilomita. Sai dai ka lura da wani abu. Ɗigogin farko a taswirar nan sun bi ramukan kuza ne, domin a can ake haƙa. Kuma yawancin kayan ruwa ne ya kwaso su ya jibge a kwari, ba nan masu su suka bar su ba. Wato taswirar tana nuna inda aka tona ne, fiye da inda aka zauna.

Abin ya fara gyaruwa daga 2005, lokacin da masu bincike na Jami'ar Goethe ta Frankfurt a Jamus, ƙarƙashin Peter Breunig, tare da hukumar gidajen tarihi ta Najeriya, suka shiga bin kufai ɗaya bayan ɗaya, musamman a yankin Janjala. Sun rubuta ɗaruruwan wurare, kuma kusan duk ƙanana ne: tsingaro, dutsen niƙa, gawayi, ramuka kaɗan. Irin zaman gona ke nan, gida nan, gida can, a zauna na ɗan lokaci a tashi. Shi ya sa yawan kufai ba ya nufin yawan jama'a. Iyali ɗaya na iya barin kufai da dama cikin ƙarni guda.

Gwajin gawayi da ƙonannun tsaba ya nuna zaman ya faro wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), mutum-mutumin kuma ya bayyana wajen 900. Tun farko suna noman gero, wanda asalinsa Sahel ne, abin da ya sa masana da yawa ke ganin daga arewa suka gangaro. Sun ci wake da atili, har an gano kakin zuma a jikin tukwanensu.

To me ya haɗa waɗannan warwatsattsun gidaje? Dubi idon mutum-mutumin: mai kusurwa uku, da huda a tsakiya, iri ɗaya a wurare masu nisan ɗaruruwan kilomita. Ai salo ba ya tafiya shi kaɗai, sai da mutane masu kai da komo.

Matsalar yau ita ce masu tonon sata. Mutum-mutumin da aka ciro aka sayar a Turai ya rabu da raminsa da gawayin da za a auna shekarunsa. Da yawa daga kufan da masu binciken suka isa, sun tarar an riga an birkice su.