Ayyukan bayan fage da ke cinye ƙarfin kwamfuta, da yadda ake gano su

Idan fankar laftof ta kama ƙugi, jikinta ya ɗauki zafi, komai ya yi nauyi alhali ba a buɗe wata babbar manhaja ba, galibi wani aiki ne Windows ke gudanarwa a bayan fage wanda ya mamaye furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar. Kafin a taɓa komai, sai an san sunan aikin.

Danna Ctrl, Shift da Esc a tare yana buɗe Task Manager. A latsa kan layin CPU, wanda ya fi ci zai hau sama. Tashi zuwa kashi 90 ko 100 na 'yan mintuna bayan kunna kwamfuta ba matsala ba ne. Abin dubawa shi ne ya ɗore tsawon sa'o'i. Shi kuwa System Idle Process, da ke tsorata mutane da manyan lambobi, ƙarfin da ba a amfani da shi yake nunawa.

Sunaye kaɗan ne suka fi yawan fitowa. Windows Modules Installer Worker yana girka sabuntawa ne, kuma Microsoft na fitar da na tsaro a ranar Talata ta biyu ta kowane wata. A inda data ke da tsada, kwamfuta kan yi makonni ba ta hau intanet ba, sai sabuntawar ta taru ta sauko lokaci guda. Maganinsa a jona caji a bar shi ya gama, domin katse shi kan sa ya sake farawa. Search Indexer yana jera fayiloli don sauƙaƙa nema, kuma yakan lafa da kansa. System interrupts idan ya yi yawa, alama ce ta direba mai matsala ko wani abin da aka jona ta USB; a cire su ɗaya bayan ɗaya.

Antimalware Service Executable shi ne Microsoft Defender, mai farautar miyagun manhajoji. Shawarar da ta yaɗu cewa a kashe shi gaba ɗaya muguwar shawara ce, musamman ga ɗan jarida ko ɗan gwagwarmayar da ke ajiye takardu da sunayen majiyoyi. Ana iya mayar da lokacin bincikensa zuwa sa'ar da ba a aiki.

Inda ya kamata a yi zargi shi ne svchost.exe. Ganinsa da yawa ba laifi ba ne, tun daga 2017 Windows 10 ke rarraba hidimominta a cikinsa. Sai dai miyagun manhajoji kan ari sunansa, har da masu haƙar kuɗin kirifto a ɓoye, waɗanda ke shigowa ta manhajojin sata. Na gaskiya yana zaune ne a C:\Windows\System32 ko SysWOW64. A danna shi da maɓallin dama a zaɓi Open file location. Idan ya kai wani wuri daban, a gudanar da Microsoft Defender Offline scan.

A yi Restart maimakon Shut down, domin tsarin Fast Startup kan adana wani ɓangare na tsohon yanayi. Ƙurar hunturu ma tana toshe mafitar iska, furosesa ya rage gudu saboda zafi, ƙaramin aiki ya cika shi. Wannan aikin mai gyara ne: share fanka da sauya man da ke sanyaya furosesa.