Takobin Kokawa, Daga Wannan Gefen Iyaka

Ɗan ƙanwata da ya yi karatu a Indiya shi ya zaunar da ni a zaurenmu na Gumel ranar 3 ga Yunin 2025, ya jingina waya da buta ya ce, "Kawu, yau sai ka ga wasan ƙarshe." Wasan kurket ne na gasar IPL, a birnin Ahmedabad. Daga la'asar har magariba yana yi mini bayani: kowane ɓangare jifa 120 yake da shi, wannan ya jefo ƙwallo, wancan ya make ta da katako ya ruga. Royal Challengers ta Bengaluru ta tara maki 190, Punjab Kings ta tsaya a 184. Da aka tashi, sai ga Virat Kohli ya durƙusa a fili yana kuka. Tun da aka kafa gasar a 2008 yake bin kofin nan a ƙungiya ɗaya, sai a karo na 18 ya kama shi.

Kukan nan na san shi. Na sha jin irinsa a rediyo tun ina yaro, daga bakin ƙarti masu walki.

Yaron ya ƙara mini da cewa asalin kurket wasa ne na kwana biyar, Turawan Ingila suka taƙaita shi zuwa kamar awa uku a 2003 don su dawo da 'yan kallo, Indiyawa kuma suka zuba masa kuɗi har ana gwanjon 'yan wasa. Mu a Arewa iyakar saninmu da shi makarantar boko ce. A Kwalejin Katsina su Sardauna suka buga shi, bai taɓa sauka dandali ba. Amma rana guda da ƙasa take tsayawa cak don a san wane ne gwanin gwanaye, wannan muna da ita a kokawa. Sai dai a ƙetaren iyaka, a Nijar, ake yin ta.

Duk wanda ya san tarihin Lautai, wato ƙasar Gumel, ba zai yi mamakin yadda abin can yake shafar nan ba. Masarautar Gumel ta kafu wajen 1750 a hannun Ɗan Juma da Mangawansa, ta bi Borno, ba ta taɓa shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba. Fadar ma tana Tumbi ne kafin a dawo da ita Gumel a 1845, Tumbi kuwa yau a Nijar take. Tsakanin 1906 da 1908 Turawan Ingila da na Faransa suka bi daji suna kafa alamun iyaka, suka raba gona da mai ita, suka raba wa da ƙane. Kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis ba ta taɓa yarda da wannan rabo ba. Mahaifina dillalin awaki da tumaki ne a karar, rabin baƙinsa mutanen Dungas da Magarya ne, suna lissafi da jakar sefa muna yi da fam, daga baya da naira.

Kokawar da na buɗi ido na gani ta kaka ce. In an ɗaure gero an kai rumbu, an cire gyaɗa, an kaɗe riɗi, sai ganga ta fara tashi da daddare a farin wata. Yayan mahaifiyata, wanda muke kira Kawu, a wani ƙauye na ƙasar Sule Tankarkar, ɗan kokawa ne da aka sani a kewayen. Gajere ne, ƙirjinsa kamar turmi, yana da walkin fatar akuya da aka jera wa layu, da kambu biyu a dantsen hagu. Kafin ya shiga fage sai ya tsuguna ya dafa ƙasa, ya yi tofi a tafin hannu ya shafe fuska. Makaɗi ya kira shi da taken kakansa, shi kuma ya ɗaga hannu ya yi kirari har jijiyar wuyansa ta fito. Samarin wannan gari su yi ayari su tafi wancan, a sauke su a gidan sarkin samari, a yi musu tuwo da fura, a kwana uku ana kamawa. Babu alƙali mai usur. Tsofaffin 'yan kokawa ne ke zagaye da fagen, in kamu ya yi tsawo babu kaye su shiga su raba, a ce canjaras, a haɗu baɗi. Ladan wanda ya yi kaye kuwa goro ne, da ɗan abin da 'yan kallo suka manna masa a goshi, da kallon da 'yan mata za su yi masa ranar kasuwa. Shi kansa Kawu a fagen kokawa ya samu matarsa ta fari.

Abin da babu a wannan tsari shi ne ƙarshe. Wanda ya kayar da kai bana, kai ka kayar da shi baɗi, wani a gabas ya kayar da ku duka. Kowane gari da gwaninsa, gardama kuma ba ta mutuwa.

Nijar ce ta yi wa gardamar ranar yankewa. Bayan farin da ya cinye dabbobi a farkon shekarun 1970, Seyni Kountché ya kifar da gwamnatin Diori Hamani a Afrilun 1974. Yana neman abin da zai ɗaure Bahaushe da Bazabarme da Babarbare da Buzu da Bafulatani a igiya ɗaya, ya farfaɗo da ƙungiyoyin matasa na samariya, ya kuma ɗauki wasan da manoma ke yi a ƙauye ya mai da shi na ƙasa. A 1975 aka yi gasar farko a Tawa, Yakuba Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi. Ba kofi ba, takobi, haɗe da doki da kayansa da babbar riga da rawani, wato naɗin sarauta sosai. Wanda ya zaɓi wannan kyauta ya san mutanensa. Tsarin ya zauna: kowace jiha cikin takwas ta turo 'yan kokawa 10, su 80 ke nan, a yi kwanaki wajen goma ana tankaɗe da rairaya, wanda ya faɗi ya fita daga neman takobi, har a rage biyu. Masaukin gasar kuma yana zagayawa daga jiha zuwa jiha. Yau filayen kokawar da kansu sunayen mazan jiya suke ɗauke da su: na Maraɗi Kantu, na Doso Salma Ɗan Rani, na Damagaram Langa-Langa.

A rumfar mahaifina na fara jin gasar, daga rediyon wani baƙonsa da ke rataye a ƙahon sirdi, ta gidan rediyon Muryar Sahel. Mai sharhi yana yi da Hausa, ganga na tashi a bayansa, muryar mawaƙi Sagalo na zuga maza. Ciniki ya kan tsaya. Na ga an bar akuya a tsaye da igiya a hannun mai saye, ba a yi sallama ba, ana jiran a ji wa ya tafi ƙasa. Kuma kusan dukanmu 'yan Damagaram muke goya wa baya. Wannan ya daɗe yana ba ni tunani, don kakata ta sha ba mu labarin yadda mahayan Damagaram suke kawo hari ƙasar Gumel suna kwasar mutane, har zuwan Turawa a 1903. Jikokin waɗanda suka gudu cikin rumbu ne suke tsalle a kasuwar Maigatari in ɗan Damagaram ya yi kaye. Ban san wani taron sulhu da ya yi aikin da rediyon nan ya yi ba.

Kawu bai taɓa sakin jiki da gasar ba. Sau ɗaya ya je kallo Damagaram, ya dawo yana cewa an sa wa kokawa agogo. Fage an kewaye shi da buhunan yashi, alƙali na hura usur, wanda ya ƙi kai hari a yi masa gargaɗi, har mutum ya iya rasa wasa gadon bayansa bai taɓa ƙasa ba. A wurinsa wanda bai faɗi ba, ba a kayar da shi ba. Ya kuma ce tun da miliyoyin sefa suka shigo, ɗan kokawa ya koyi tsoron faɗuwa, sai a yi ta dafe-dafen kai ana zagaye kamar raguna. Irin ƙorafin da ɗan ƙanwata ya ce tsofaffin masu son kurket na kwana biyar suna yi ke nan.

Na yarda da rabin maganarsa. An rasa wani abu, haƙurin kamu mai tsawo da zumuncin kwana uku a gidan abokin karawa. Amma ina duban namu gefen in ga abin da ya faru da kokawar da ba a sa wa agogo ba. A ƙauyen Kawu an fi shekara ashirin ba a buga gangar kokawa ba. Samari sun tafi ci-rani Legas da Abuja, waɗanda suka rage suna gidan kallon ƙwallo. Na koyar a firamare a ƙasar Gagarawa shekaru da dama, yaran ajina sun san 'yan wasan Ingila da lambobin rigunansu, kokawa kuwa in sun sani ta Nijar ce. Akwai ta cikin wasannin gargajiya a bikin wasanni na ƙasa, ana yin ta a Argungu, amma babu rana guda da manomi a Gagarawa zai ce yau za a san gwanin Jigawa, balle na Nijeriya. An ƙirƙiri jiharmu tun 1991, muna da masarautu biyar: Gumel, Haɗeja, Kazaure, Ringim da Dutse. Biyar ɗin nan sun isa a yi gasa, kuma dokin da za a bayar yana nan ɗaure a karar Maigatari kowace Alhamis. Wannan yana ci mini rai ƙwarai.

Gasar da ba zan manta ba ita ce ta ƙarshen Disambar 2023 a Agadas. Tun watan Agusta iyaka take rufe saboda juyin mulkin 26 ga Yuli, kara ta yi shiru, dillalai na zaune hannu rabbana, masu ɗauko kaya sun rasa na cefane. Na je Maigatari gaisuwar rasuwa, sai na tarar da mutum sun fi talatin a teburin mai shayi sun duƙufa kan waya ɗaya. Wasan ƙarshe suke kallo, Isaka Isaka na Doso ne da Aibo Hasan na Maraɗi. Cikin masu kallon akwai mutanen Dungas biyu da rufewar ta rutsa da su a wannan gefe, an ba su benci na gaba. Isaka ya ɗauki takobinsa na shida, aka naɗa masa rawani, aka ɗora shi a doki. Wani dattijo da ke kusa da ni, wanda na lura wuyansa irin na tsofaffin 'yan kokawa ne, ya miƙe ya yi kirarin garinsu da ƙarfi, shi kaɗai, a bakin titi, sannan ya zauna ya ƙarasa shayinsa.

Walkin Kawu yana wurina tun rasuwarsa. Bayan an tashi daga wasan Ahmedabad mun yi sallar magariba, na shiga ɗaki na ciro shi daga akwati na miƙa wa ɗan ƙanwata. Fatar ta bushe ta yi tauri, layu biyu sun zube. Ya juya shi a hannu, ya shinshina, ya ce, "Kawu, ta ina ake ɗaura shi?" Na tashi na nuna masa.