Amsar Wasiƙa: Tarihin Ciwon Dajin Baki da Maƙogwaro

Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi daga yankin Funtuwa, ya aiko da wasiƙa yana cewa: shin ciwon dajin baki da maƙogwaro sabon ciwo ne, ko kuwa tun da can akwai shi? Kuma ƙaruwa yake yi ko raguwa?

To Malam, gaisuwa mai yawa. Ciwon nan ba sabo ba ne, sai dai ya sake kama. A wasu ƙasashe ya ragu ta wata ƙofa, ya dawo ta wata. Bari mu ɗauko zancen daga tushe.

Tun a shekarar 1761 wani likita a Landan mai suna John Hill ya yi kashedi a kan tabar shaƙa, domin ya ga daji a hancin masu yawan shaƙarta. Ba a kula shi ba. Ciwon kuwa bai bar manya ba. Tsohon shugaban Amurka, Janar Grant, mashayin taba ne na gaske, kuma dajin maƙogwaro ne ya yi ajalinsa a 1885. Sarkin Jamus Frederick na Uku kwana 99 kacal ya yi a kan karaga, dajin maƙoshi ya ɗauke shi a 1888.

A wajejen 1880 aka ƙera injin naɗe sigari a Amurka, wanda ke iya naɗe kara 120,000 a yini guda. Taba ta yi arha, ta shiga aljihun kowa. Sai a 1950 masana biyu na Ingila, Doll da Hill, suka nuna da alƙaluma cewa sigari na da hannu dumu-dumu a dajin huhu. A 1964 babban likitan gwamnatin Amurka ya fito da rahoton da ya haɗa har da dajin maƙoshi. Lokacin nan, cikin manyan Amurkawa 100, wajen 42 na busa sigari. A 2022 ba su kai 12 ba. Da shan taba ya ja baya, dajin da take haddasawa a baki da maƙoshi shi ma ya bi sawu. Giya ma tana cikin masu laifi, in kuma ta haɗu da taba a baki ɗaya, haɗarin ninkawa yake yi ba ƙaruwa kawai ba.

Ana cikin murna, sai likitocin Amurka da Turai suka soma ganin wani abin mamaki. Ga magidanta masu shekara hamsin ko ƙasa da haka, ba su taɓa sa kara a baki ba, amma ga daji a gindin harshe ko can cikin maƙogwaro. Da aka bi diddigi sai aka tarar da wata ƙwayar cuta da ake kira HPV, wadda masanin nan na Jamus, Harald zur Hausen, ya gano irinta mai lamba 16 a jikin sankarar bakin mahaifa a 1983. Ana ɗaukarta ne ta saduwa tsakanin namiji da mace, har da ta baki. Yawancin mutane jikinsu kan kore ta cikin shekara ɗaya ko biyu ba su ma sani ba, amma a wasu takan lafe shekara da shekaru. Wani bincike da aka buga a 2011 ya nuna daga 1988 zuwa 2004 dajin maƙogwaro mai wannan ƙwaya ya ninka fiye da sau uku a Amurka, alhali wanda ba nata ba ya ragu da rabi. Yau a can, cikin masu dajin wannan sashe na maƙogwaro su goma, bakwai ita ce sanadi, kuma maza sun fi yawa nesa ba kusa ba.

Amma jama'a, kada labarin Amurka ya ruɗe mu. A ƙididdigar 2022, mutum wajen 390,000 ne suka kamu da dajin leɓe da baki a duniya, kusan 188,000 suka rasu, kuma mafi yawansu a Asiya ne. A Indiya taba ake taunawa, a haɗa ta da farar ƙasa da 'ya'yan wani irin kwakwa da suke kira areka. Wasu na fassara shi da goro, amma ba goronmu ba ne, itatuwan ma daban suke. Jihohin Indiya sun shiga hana sayar da haɗin da ake kira gutka daga 2012.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne na Sudan. 'Yan'uwanmu mazauna can sun san tumbak: garin taba ne ake kwaɓawa da kanwa, a cusa tsakanin leɓe da dasashi. Da aka auna shi an sami gubar da ke jawo daji mai yawan gaske, kuma sau da yawa daidai inda ake ajiye shi nan gyambon ke fitowa. To mai taba gari da kanwa a kumatu, wanda ke cewa ai shi ba ya shan hayaƙi, sai ya yi wa kansa hisabi. A ganina wannan ita ce babbar ƙofar ciwon a karkararmu.

Batun rigakafi kuwa, wanda ya bar taba, cikin shekara biyar zuwa goma ƙarin haɗarin da ta ɗora masa yakan ragu da rabi, ko da ya daɗe yana sha. Nijeriya ta yi dokar taba a 2015 wadda ta hana sayar wa yaron da bai kai 18 ba, ta kuma hana sayar da kara ɗai-ɗai, ko da yake duk mai zuwa teburin mai shayi ya san inda dokar ta tsaya. Allurar HPV ta fito a 2006. Ostareliya ta soma yi wa yara maza a 2013, Ingila a 2019. A Nijeriya an fara ta ne a watan Oktoba na 2023, kyauta, ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, domin kare su daga sankarar mahaifa. Zabiya kuma mai aikin gona, ya riƙa sa malafa, don rana na cin leɓen ƙasa.

Abin da ya fi kashe mutanenmu shi ne jinkiri. Gyambo a harshe ko dasashi da ya wuce mako uku bai warke ba, fari ko jan tabo a cikin kumatu, dashewar murya da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, wahalar haɗiya, ko kaluluwa a wuya marar zafi, duk a nufi asibiti da su, ko wurin likitan haƙori. Ba kowane ne daji ba, amma gwaji ne kaɗai ke bambancewa. Kada a kai wa wanzami ya tsaga, kada kuma a jira sai an gama girbi.