Linzamin Kwamfuta: Daga Katakon Engelbart Zuwa Ƙurar Jimeta

Yola, wadda Modibbo Adama ya kafa a 1841, kuma malamanta suka daɗe suna feƙe alƙalamin kara da hannunsu, ta wayi gari da wani sabon kayan aikin hannu, wato linzamin kwamfuta, wanda asalinsa ɗan akwatin katako ne mai ƙafafu biyu da Douglas Engelbart ya ƙago a Kalifoniya ta Amurka, ya nuna wa jama'a shi ranar 9 ga Disamba, 1968.

Wanda ya fara yaɗuwa a ofisoshi da shagunan intanet na Jimeta mai ƙwallo ne a ciki. Idan hannu ya tura shi, ƙwallon ya murza sanduna biyu, ɗaya ta tsaye ɗaya ta kwance, su kuwa su juya faya-fayai masu huda da ke katse wani siririn haske, sai na'urar ta ƙidaya katsewar, ta aika lissafin ta waya zuwa koriyar kafar nan ta PS/2 da kamfanin IBM ya fito da ita a 1987, kibiya ta motsa bisa allo. Hikima ce babba, illa dai ba a yi ta don ƙasar hunturu ba. Da zarar ƙura ta sauko kwarin Binuwai, sai sandunan su yi dauɗa, kibiya ta riƙa turjewa, mai shago ya kwance murfi ya kankare da farce. Sauƙi ya samu ne bayan 1999, sa'ad da mai jar fitila ya bazu, wanda ƙwayar idonsa ke ɗaukar hoton tebur fiye da sau dubu a daƙiƙa guda tana gwada na baya da na gaba, kafar USB ta gaje tsohuwar, daga bisani rediyo ya ɗauke wayar ɗungum.

Amma al'amarin da ya fi taɓa zuciyata shi ne na 2015, lokacin da hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, ɗalibai masu hazaƙa daga ƙauyukan Fufore da Girei suka zauna gaban abin da yawancin makarantunsu ba su tanada ba, alhali lokaci yana tafiya. Hukumar ta yi adalci a 2017 da ta ba da damar amsawa da maɓallai takwas ba tare da linzami ba, sai dai wannan rangwame ne na zauren jarrabawa kurum, domin ofishin da yaron zai nemi aiki gobe yana nan da linzaminsa bisa tebur.