Tarihin Tumatirin Bayan Ɗaki da Irin da Muka Bari Ya Salwanta

Da yawa daga cikinmu 'yan asalin garin nan mazauna Kano, Kaduna, Abuja da Legas, idan aka ce mana akwai zamanin da kakanninmu suke miya babu tumatir, za mu ɗauka zance ne kawai. Alhali kuwa miyar gargajiyarmu ta kuka ce da kuɓewa da kalkashi da yakuwa, daddawa ce ke ba ta ƙamshi, gauta da tsamiya su ba ta ɗanɗano. Tumatir baƙo ne. Hausawa kan ce baƙo raɓa ne, amma shi wannan baƙon ya sauka ya ƙi tafiya, har ya ƙwace tukunya daga hannun 'yan gida.

Asalinsa daga yankin tsaunukan Andes ne a Kudancin Amurka, mutanen ƙasar Meksiko kuma su ne suka mayar da shi abin nomawa, suna kiransa tomatl, sunan da ya yi ta sauya kama a bakin al'ummomi har ya iso gare mu. Bayan da Sifaniyawa suka ci Meksiko da yaƙi a 1521 sai suka kai irinsa Turai, inda wani masanin tsirrai ɗan Italiya mai suna Mattioli ya ambace shi a rubuce a 1544. Turawa sun daɗe suna tsoronsa, suna zaton dafi ne da shi. A ƙasar Hausa kuwa bai zama ruwan dare ba sai cikin ƙarni na 20.

To, da ya shigo, ba a gona ya fara zama ba. A garka ya zauna da bayan ɗaki da bakin rijiya, a hannun iyayenmu mata da masu ban ruwa da jigo. Akwai ƙanana masu tsami waɗanda kan fito da kansu a juji da zarar damina ta sauka, akwai kuma manya masu tsaga-tsaga a jiki, masu ruwa, waɗanda ba su jure tafiya ko ta yini guda. Waɗannan iri suna yaɗo, suna ba da 'ya'ya kaɗan-kaɗan har tsawon watanni, wato daidai da bukatar uwargida mai neman biyar ko shida na miyar dare. Idan ya yi yawa a yanka a shanya a yi kauɗa. Iri kuwa ba a saye: a zaɓi wanda ya nuna sosai, a matse 'ya'yan, a busar a inuwa, a ƙulle a tsumma tare da toka sai baɗi. Maƙwabciya ta roƙa a ba ta, amarya ta tafi da shi gidan miji.

Abin da ya juya al'amarin shi ne ruwa. A zamanin Gwamna Audu Baƙo aka gina madatsar ruwa ta Tiga, aka kammala ta a 1974, daga nan magudanan ruwa suka ratsa Kadawa da Kura da Garun Malam da Bunkure. Noman rani ya tashi daga 'yar garka ya koma dubban kadada, shirin Fadama da aka fara a 1993 kuma ya ƙara baza injinan ban ruwa a ƙauyuka. Manomin da zai loda kwanduna a Kwanar Gafan a kai kasuwar Mile 12 ta Legas ba ruwansa da ɗanɗano. Abin da yake nema shi ne tumatir mai tauri wanda zai kwana biyu ko uku a mota bai narke ba. Nan ne Roma ya samu shiga, irin da aka fitar a Amurka a 1955, sai kuma UC82 na Jami'ar Kalifoniya na shekarun 1970. Abin lura shi ne, shi UC82 don masana'antar tumatirin gwangwani aka ƙirƙire shi, ya nuna gaba ɗaya a tsince shi da inji. Ya kawo arziki, wannan babu musu. Gidaje nawa aka yi wa rufin kwano da kuɗinsa, yara nawa daga cikinmu aka biya wa makaranta? Sai dai kuma da ya cika kasuwa da arha, matan gida suka daina ƙulle iri a tsumma, mu kuma da muka koma birni muka shafe tsakar gida da siminti.

Hasarar ba ta bayyana sai rani ya wuce. Waɗannan iri na kasuwa sanyin hunturu suke so. Da zafin bazara ya tsananta furensu kan zube, damina kuma ta kawo musu cututtukan ganye. Shi ya sa kowace shekara daga watan Mayu farashi ke tashi, a daidai lokacin da ƙananan nan na bayan ɗaki suka saba cike giɓin. Shekarar 2016 ta fi kowacce nuna mana matsayinmu. Tsutsar nan Tuta absoluta, wadda manoma suka laƙaba wa suna sharon, ita ma 'yar Kudancin Amurka ce, ta ɓulla a Sifen a 2006, ta ratso har ta cinye gonakin Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa. Gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir a watan Mayu, masana'antar Dangote ta Kadawa da ta fara aiki a watan Maris na shekarar ta tsaya saboda rashin abin sarrafawa. Gaskiya ne tsutsar ba ta zaɓar iri, amma ta fi samun sakewa a inda aka shimfiɗa abu guda babu iyaka.

Ga wanda ke da 'yar kusurwa a gidansa na birni, buhun siminti ko tsohon bokiti da ƙasa da taki sun isa, muddin rana na samun wurin awa shida. Shawararmu ita ce a haɗa iri biyu ko uku: UTC ko Roma a dasa a watan Oktoba ko Nuwamba don hunturu, ƙananan na gida kuma a bar wa damina. Irin zamani da ake sayarwa a leda mai tambarin F1 yana ba da yabanya mai kyau, amma 'ya'yansa ba su maimaita halin uwa, dole a sake saye kowace shekara. Na gida kuwa har yanzu ana samunsa a hannun wasu tsofaffi a ƙauyukan da ke kewaye da mu, kuma cikin cokali guda na busassun 'ya'yansa ya ishi gidaje da dama.