Tarihin Sana'ar Fim da Na'urorinta a Jos

Garin Jos, wanda haƙar kuza ta tara masa jama'a tun farkon ƙarni na ashirin, har Hausawa suka yawaita a unguwanni irin su Gangare da Nasarawa Gwom, yana da martaba ta musamman a tarihin fim a Nijeriya, domin a nan ne hukuma ta ajiye makarantun wannan fanni. Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1979, a Jos hedkwatarta take, a nan kuma aka buɗe Kwalejin Talabijin ta NTA a 1980, sa'an nan Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa a 1995.

A zamanin farko da zaren majigi ake ɗaukar hoto, aikin da yake bukatar ilmin haske da na sinadarai, da haƙuri mai yawa, gama sai an wanke zaren a ɗaki mai duhu, a shanya shi, a yanka, a liƙa da hannu, kafin mai fasaha ya san ko wahalarsa ta yi albarka. Da wannan usulubi ne Brendan Shehu ya shirya Kulɓa Na Ɓarna, daga littafin Umaru Ɗanjuma Katsina, a farkon shekarun 1990. Amma tun da darajar naira ta faɗi bayan 1986 zaren ya yi tsada ƙwarai, sai kaset ɗin bidiyo ya maye gurbinsa, musamman bayan fitowar fim ɗin Turmin Danya a Kano a 1990.

Alhali Kano ta riƙe kasuwa da jari, abin da Jos ta bayar shi ne ƙwarewa: mutanen da suka goge a talabijin, suka san inda ake kafa fitila da yadda ake tsare murya daga iskar duwatsu, kamar Sani Mu'azu da kamfaninsa na Lenscope. Wannan falala, a ganina, ba a yaba ta gwargwadon haƙƙinta ba.

Yau a kwamfuta ake tace hoto, a waya ake kallo, tsofaffin kaset kuwa suna lalacewa a shaguna da ɗakunan ajiya. Wajibi ne hukuma da ma'abota sana'ar su tattara su, su juye su a na'urorin zamani tun kafin su salwanta.